Iyo, leƙen kifaye ko shan hantsi: wane tsibirin Bahar Rum ya dace da kai?

Wanda ya tara kuɗin hutu da niyyar zuwa bakin teku a Bahar Rum, hotuna ne ke fara rikita shi. Duk tsibirin da ya duba a intanet abu ɗaya zai gani: ruwa shuɗi garau, farin yashi, ba kowa a wurin. Hoton ba zai faɗa masa cewa sai an yi tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙafa kafin a isa ba, ko cewa da sassafe aka ɗauke shi kafin jiragen ruwa su fara juye mutane, balle ya nuna ko akwai kifin da za a gani a cikin ruwan. Shi ya sa na ware tsibirai 6 da aka fi kai-komo a kansu, wato Cyprus, Malta, Sardiniya, Crete, Menorca da Jerba, don a ɗora su a kan ma'auni ɗaya.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ƙasan ruwan. Abubuwa uku da ake zuwa yi, iyo, leƙen kifaye da tabarau da bututun numfashi, da kwanciya a sha hantsi, ba wuri ɗaya suke so ba. Mai koyon iyo da mai yara suna son yashi mai laushi da ke zurfi sannu a hankali. Shi kuwa kifi ba ya zama a fili, duwatsu yake bi, da ramuka, da wata ciyawar teku da ake kira Posidonia. Saboda haka shimfiɗaɗɗen yashin nan da ya fi kyau a hoto shi ya fi ko'ina ƙarancin kifi. Gaɓar da ta haɗa duka ukun ita ce 'yar kusurwa mai yashi a tsakiya da duwatsu a gefe da gefe. A kuma rage buri: Bahar Rum ba Bahar Maliya ba ce, babu murjani mai launi-launi. Abin da take da shi ruwa ne mai tsananin haske, domin ba ya ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittun da ke gurɓata ruwa. Gishirinsa ya kai kusan giram 38 a kowace lita, abin da ke sa jiki ya taso sama cikin sauƙi, kuma cikowar ruwa da janyewarsa ba ta da yawa a mafi yawan wurare.

Na biyu, tsawon lokacin da ruwan ke shiguwa, da kuma iska. Lokacin zafinsu ya zo daidai da daminarmu, daga Yuni zuwa Satumba. Teku na jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa, don haka ruwan Oktoba ya fi na Mayu ɗumi nesa ba kusa ba, ko da ranar ta Mayu ta fi ƙwallewa. Gabashi da kudancin tekun sun fi yammacinsa ɗumi. Iska ma tana da sunanta a kowane yanki: meltemi a Girka, maestrale a Sardiniya, tramontana a Menorca. Ranar da ta taso, gaɓar da ke fuskantarta ta tashi aiki.

Na uku, kuɗi. Ba tikitin jirgi da otal kaɗai ba, har da hayar mota, kuɗin kwale-kwale, laima da gadon kwanciya, da kuɗin shiga inda ake karɓa.

Na huɗu, sauƙin isa, wanda ga mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar daga biza yake farawa. Italiya (mai Sardiniya), Girka (mai Crete), Sifaniya (mai Menorca) da Malta duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar ya koma yuro 90 ga babba, ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuma wanda ya jira sai saura makonni shi ya jawo wa kansa.

Na biyar, haɗari. Akwai wata halitta mai kama da 'yar laima, mai launin shunayya, da ake kira Pelagia. Harbinta na da raɗaɗi, kuma da ruwan teku ake wanke wurin, ba da ruwan sha ba. Akwai bushiyar teku mai ƙayoyi a kan duwatsu, da wani ƙaramin kifi mai dafi da ke binne kansa a yashi, wanda maganin harbinsa tsoma ƙafa a ruwan zafi daidai yadda jiki zai jure. Takalmin roba na shiga ruwa yana rage yawancin wannan. Amma abin da ke kashe mutane ba waɗannan ba ne. Shiga ruwa ne ranar da aka ɗaga jar tuta, ko wuce igiyar da ta raba masu iyo da jiragen inji, ko hawa katifar iska ranar da iskar ke kaɗawa daga tudu zuwa teku. Lambar neman agaji a duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce.

Sai abin da littattafan yawon buɗe ido ba su cika tabo wa ba amma ya dame mu: sutura, abinci da wurin salla. Game da shan hantsin kuwa, Bahaushe bai rasa rana a gida ba, babu mai biyan kuɗin jirgi don fatarsa ta ƙara duhu. Abin da muke nema shi ne wurin miƙe ƙafa, iska mai daɗi da inuwa a kusa. Duk da haka baƙar fata ma na ƙonewa, musamman bayan wuya da kafaɗun mai leƙen kifi da ya kifa ciki a ruwa ya manta da kansa, don haka man kariya daga rana da riga mai dogon hannu ba ado ba ne.

Cyprus

Idan ɗumin ruwa da tsawon lokaci ake magana, babu na biyunta a cikin tsibiran Turai. A Agusta ruwan na kai wa digiri 27 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma ana iyo har cikin Nuwamba. Kusurwar kudu maso gabas ce ta fi dacewa, tafiyar kusan minti 45 a mota daga filin jirgin Larnaca. A nan ake da Nissi a Ayia Napa, da Fig Tree Bay a Protaras, da Konnos a tsakaninsu, kusa da tsinin Cape Greco.

Kada a haɗa su a kwando ɗaya. Nissi na da farin yashi da ruwa marar zurfi, har ana takawa a ƙafa zuwa wani ɗan tsibiri da ke gabanta, amma daga Yuli zuwa Agusta wurin kiɗa ne da barasa da matasan Turai. Mai iyali ya nufi Protaras. Fig Tree Bay na da masu ceto, banɗaki da shaguna a kusa, da duwatsu a gefe inda kifaye ke taruwa. Konnos ita ce irin kusurwar da na bayyana a sama: gangare mai itatuwa a baya, yashi a tsakiya, duwatsu a hannun dama da hagu, ruwan kuma kwance yake mafi yawan lokaci. A Green Bay, nan kusa, ana yawan cin karo da kunkurun teku yana kiwo a cikin ciyawa. A kalle shi daga nesa, ba a taɓa shi, ba a ba shi abinci. Wanda ya ƙware yana iya zuwa Pernera, inda aka buɗe gidan tarihin ƙarƙashin ruwa na MUSAN a 2021, mai mutum-mutumi 93 a zurfin da bai wuce mita 10 ba, ana hango su daga sama idan ruwa ya kwanta. Tsalle daga kan duwatsun Cape Greco da ake gani a bidiyo kuwa, a bar wa masu shi.

Ta fuskar kuɗi tana tsaka-tsaki, kuma hukuma ce ke ƙayyade farashin laima da gadon kwanciya a gaɓoɓin jama'a, 'yan yuro kaɗan ne. Haɗarinta na musamman baƙin kifaye ne da suka shigo daga Bahar Maliya ta mashigin Suez: kifi mai ƙayoyi masu dafi da ake wa laƙabi da zaki, da wani mai kumbura ciki mai suna Lagocephalus wanda cinsa na kisa.

Wahalar tana wajen takardu. Cyprus ta shiga Tarayyar Turai a 2004, amma har zuwa 2025 ba ta cikin Schengen, tana da bizarta, ko da yake tana karɓar mai bizar Schengen ta shiga sau da yawa. Tsibirin a rabe yake tun 1974. Arewacinsa, inda ɗaliban Najeriya da dama ke karatu, Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗauki filin jirgin Ercan a matsayin halattacciyar ƙofar shiga ba. Wanda ke son Protaras ya sauka a Larnaca, ta Alƙahira ko Doha ko Dubai, domin babu jirgi kai tsaye daga Turkiyya zuwa kudu. 'Yan mintoci daga filin jirgin, a bakin tafkin gishiri, akwai masallacin Hala Sultan Tekke, inda ake danganta kabarin da sahabiya Ummu Haram bint Milhan. Ziyararsa kaɗai ta isa ta ƙara wa tafiyar daraja.

Malta, Gozo da Comino

Malta, wadda ta haɗa da ƙananan tsibiran Gozo da Comino, ƙasar dutse ce, kuma wannan ne ƙarfinta da rauninta. Duka faɗinta murabba'in kilomita 316, babu koguna da ke kwararo laka cikin teku, don haka ruwanta na da haske ƙwarai. Ga mai leƙen kifi, da wuya a samu inda ya fi ta sauƙi: Għar Lapsi a kudancin Malta, Mġarr ix-Xini da Ħondoq ir-Rummien a Gozo, duk ana shiga ruwan daga gaɓa ba tare da hayar jirgi ba. A irin waɗannan wurare za ka sa fuska a ruwa ka ga garken ƙananan kifaye baƙaƙe masu wutsiya kamar almakashi suna tsaye a tsakiyar ruwa, can ƙasa kuma wasu masu zanen rawaya suna tsinkar ciyawa, wani lokacin har da halittar nan mai hannu takwas ta leƙo daga raminta, ta tara ɓawon kaguwa a ƙofa.

Yashi kuwa ɗan kaɗan ne. Mellieħa Bay ce mafi girma, ruwanta ba zurfi har nesa, ta dace da yara. Ramla a Gozo na da yashi ja-ja. Sauran wurare irin su St Peter's Pool shimfiɗar dutse ce, daga bakinta sai zurfi, ba ta wanda bai iya iyo ba ce.

Blue Lagoon da ke Comino ita ce hoton da kowa ya sani, kuma launin ruwan gaskiya ne. Sai dai da tsakar ranar Agusta cunkosonta ya yi kama da na Kantin Kwari ana jajibirin Salla: ba wurin shimfiɗa tawul, babu inuwa, jirage na ta kiɗa. Daga Mayun 2025 hukumomi suka shigo da tsarin yin rajista kyauta ta intanet kafin sauka, suka kuma taƙaita adadin mutane zuwa 4,000 a lokaci guda. Dubu huɗu ma ba kaɗan ba ne a wuri ƙarami haka. A je da jirgin farko daga Ċirkewwa ko Mġarr, a bar wurin kafin azahar.

Sauƙinta shi ne ana jin Ingilishi ko'ina, bas na zuwa kusan kowace gaɓa, ba dole sai an yi hayar mota ba, kuma jirgin ruwa zuwa Gozo minti 25 ne. Akwai babban masallaci a Paola, abincin halal kuma ba ya wuyar samu a garuruwan da ke kewaye da Valletta. Daga tsakiyar Agusta ake fara kamun kifin lampuki, wanda ya je a Satumba ko Oktoba ya same shi a kan kari. Babban cikas shi ne halittar nan mai harbi, Pelagia, da iska kan koro zuwa gaɓa ɗaya yau, gobe wata. Tun da tsibirin ƙarami ne, sai a koma ɗaya gefen.

Sardiniya

In kyau zalla ake nema, ni dai a ganina Sardiniya ce kan gaba, kuma ita ce ta fi cin kuɗi da ƙarfi. Tsibiri ne babba, na biyu a girma a Bahar Rum bayan Sisili, mai filayen jirgi uku, Cagliari, Olbia da Alghero. Ba tare da mota ba, rabin abin da ka zo gani ba za ka gan shi ba.

La Pelosa da ke Stintino, a can arewa maso yamma, ruwanta bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba har tsawon mitoci masu yawa. A lokacin zafi mutum 1,500 kawai ake bari a rana, ana yin rajista tun da wuri, ana biyan yuro 3.50, kuma dole a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tawul don kada ya kwashe yashi. Ba wasa suke yi da wannan ba. Tun 2017 dokar yankin ta haramta ɗibar yashi, tsakuwa ko ɓawon kifi daga kowace gaɓa, tarar na iya kai wa yuro 3,000, kuma ana bincikar jakunkuna a filin jirgi da tashar ruwa. Mai son kawo wa gida tsaraba ya sayi wani abin.

Gabashin tsibirin, wato mashigin Orosei, shi ne wurin mai leƙen kifi. Manyan duwatsu ne suka gangaro har cikin teku, da 'yan kusurwoyi a tsakaninsu: Cala Luna, Cala Mariolu, Cala Goloritzé. Galibi da jirgin ruwa ake zuwa, daga Cala Gonone ko Santa Maria Navarrese. Goloritzé ta fi tsauri. Ba a barin jiragen inji su sauke mutane a bakinta, sai dai a gangara da ƙafa daga tudun Golgo, kusan awa ɗaya da rabi, dawowar kuma hawa ce cikin rana. Mutum 250 ake bari, da rajista da kuɗin shiga. Ƙasa farar tsakuwa ce, ba yashi ba, ruwan na zurfi nan da nan, babu shago, babu laima. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma wannan ba tafiyar mai ƙananan yara ko dattijo ba ce. Wanda ke son ya haɗa yashi da kifi ba tare da wahala ba, Villasimius a kudu maso gabas ta fi masa, domin yankin Capo Carbonara wuri ne da doka ta kare halittun ruwansa, tafiyar kusan awa ɗaya daga Cagliari.

A guji tsakiyar Agusta. Ranar 15 ga wata hutun Ferragosto ne, Italiyawa na kwararowa, farashin komai na tashi, musamman a Costa Smeralda. Ruwan bai kai na Cyprus ɗumi ba, kuma daga tsakiyar Oktoba ya fara sanyi. Shahararren gashinsu na ɗan alade ne, a riƙa tambaya kafin a ci, a kuma dogara da kifi da taliya.

Crete

Tsibiri mafi girma a Girka, tsawonsa kusan kilomita 260, kuma shahararrun gaɓoɓinsa na can yamma, don haka a sauka a Chania ba Heraklion ba. Elafonissi na da nisan kusan kilomita 75 daga Chania ta hanya mai kwana-kwana. Ruwanta kwance ne, marar zurfi, ana takawa zuwa tsibirin da ke gaba. Launin hoda da ake yayatawa ɓarɓashin ɓawon wasu ƙananan halittu ne, siririn layi ne a bakin ruwa da ke bayyana yana ɓacewa, ba duka yashin ba. Hotunan intanet sun ƙara masa gishiri. Balos ta fi ban mamaki idan aka hango ta daga sama, amma isa gare ta sai ta jirgin ruwa daga Kissamos, ko ta hanyar burji ta kusan kilomita 8 sannan a gangara da ƙafa, kuma kamfanonin hayar mota da yawa inshorarsu ba ta ɗaukar wannan hanya. Falassarna ta fi su faɗi da sauƙin isa, ita ce ta mai son shimfiɗa da kallon faɗuwar rana, sai dai tana fuskantar yamma, igiyarta na da ƙarfi idan iska ta taso.

Iskar ce matsalar Crete. A Yuli da Agusta meltemi na iya shafe kwanaki tana kaɗawa, yashi na shiga ido da abinci, jar tuta a sama. Ga leƙen kifi, waɗannan shahararrun wurare ba su da wani abin a zo a gani, sai an nemi kusurwoyin dutse na kudu. A ɗaya ɓangaren, abinci da masauki sun fi na Sardiniya araha, ruwan na da ɗumi har ƙarshen Oktoba, kuma dokar da Girka ta yi a 2024 ta tilasta a bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na kowace gaɓa ba tare da gadajen haya ba, don mai tawul ya samu wuri.

Menorca

Ƙanwar tsibirin Mallorca na Sifaniya ce mai natsuwa, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake kare muhallinsu tun 1993. Kusurwoyin kudu, Macarella, Turqueta da Mitjana, na da farin yashi da itatuwan da ke ba da inuwa har kusa da ruwa, abin da yawancin wuraren da na ambata ba su da shi. Na arewa irin su Pregonda ja ne yashinsu, kifi ya fi yawa a can. Ƙa'idar mutanen wurin mai sauƙi ce: iska daga arewa, a tafi kudu, daga kudu, a tafi arewa. Tsohuwar hanyar Camí de Cavalls mai tsawon kilomita 185 ta zagaye tsibirin, ita ake bi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A lokacin zafi ana hana motoci zuwa Macarella, sai bas daga Ciutadella, wuraren ajiye mota na sauran kuma na cika tun da hantsi. Lokacinta gajere ne, farashi na sama. Abu ɗaya da ya kamata mai iyali ya sani tun daga gida: a ƙananan kusurwoyi da ke nesa da gari, kamar Macarelleta, zama tsirara ba baƙon abu ba ne. Son Bou da Cala Galdana sun fi dacewa da iyali.

Jerba

Ita kaɗai ce ta Afirka a jerin, a kudancin Tunisiya, kuma tsibiri mafi girma a Arewacin Afirka. Tana da filin jirginta, ana kuma shiga da mota ta tsohuwar hanyar El Kantara da ta haɗa ta da tudu. A Sidi Mahrez da Seguia yashi ne mai tsawo, ruwa marar zurfi mai ɗumi sosai, otal-otal a jere waɗanda kuɗin kwana ya haɗa da ci da sha. A nan ne kuɗi ya fi auki. Abinci halal ne, masallatai ko'ina, ana jin kiran salla, kuma mace ta shiga teku da cikakkiyar sutura ba mai ɗaga ido ya kalle ta, ko da yake wasu otal na da tasu dokar game da tafkin iyo, a tambaya kafin a biya. A 2023 UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, kasuwar Houmt Souk da garin maginan tukwane na Guellala sun cancanci yini guda.

Ga mai leƙen kifi kuwa ita ce ta ƙarshe. Ƙasan ruwan yashi ne, hasken bai kai na sauran ba, busasshiyar ciyawar teku na taruwa a gaɓa. Ba a buƙatar Schengen, Tunisiya na da nata tsarin shiga wanda ya danganta da fasfon mutum. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba: tun bayan kalaman Shugaba Kais Saied a Fabrairun 2023 kan baƙin haure daga kudu da Sahara, baƙaƙen fata sun fuskanci tsangwama a wasu biranen ƙasar, musamman Sfax. Jerba wurin yawon buɗe ido ne, amma a riƙa yawo da fasfo da shaidar otal.

Ban sa tsibirin Lampedusa na Italiya a jerin ba, duk da cewa gaɓarta ta Spiaggia dei Conigli na cikin waɗanda ake yabo a duk Turai. Ƙarama ce, isa gare ta na da wuya, kuma mu sunan a labarai muka san shi: dab da wannan gaɓa ne jirgin 'yan ci-rani ya nitse ranar 3 ga Oktoban 2013, mutum fiye da 360 suka rasu.

| Tsibiri | Iyo | Leƙen kifi | Shimfiɗa da inuwa | Kuɗi | Lokaci | Biza |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Cyprus | Sosai | Da kyau | Da kyau | Matsakaici | Mayu–Nuwamba | Tata daban |
| Malta | Da dama | Sosai | Kaɗan | Matsakaici | Yuni–Oktoba | Schengen |
| Sardiniya | Sosai | Sosai | Da kyau | Tsada | Yuni–Satumba | Schengen |
| Crete | Da kyau in ba iska | Da dama | Sosai | Matsakaici | Yuni–Oktoba | Schengen |
| Menorca | Sosai | Da kyau | Sosai | Tsada | Yuni–Satumba | Schengen |
| Jerba | Sosai ga mai koyo | Rauni | Sosai | Araha | Mayu–Oktoba | Ta Tunisiya |

Wa ya dace da ina

Mai iyali da yara, ko wanda iyonsa bai wuce na tafkin otal ba, ya zaɓi tsakanin Protaras da Jerba. Idan sutura, abinci da aljihu ne kan gaba, Jerba. Idan ana son yara su sa tabarau su ga kifi da idonsu, Protaras, da rigar ceto a jikin kowa.

Wanda leƙen kifin ne ya fito da shi daga gida, Malta, kuma ya kama masauki a Gozo maimakon babban tsibirin. Ita ce kuma zaɓin wanda ba ya son tuƙi a baƙuwar ƙasa, ko mai kwana huɗu ko biyar kacal.

Ango da amarya, ko abokai masu ƙarfin ƙafa da na aljihu, Sardiniya a Yuni ko Satumba: kwana kaɗan a mashigin Orosei, sauran a Villasimius. Rajistar La Pelosa da Goloritzé a yi ta tun kafin a bar gida ko da zarar an buɗe.

Mai son hutu cikin shiru, da inuwar itace da 'yar tafiyar ƙafa, Menorca, muddin ya san kusurwoyin da zai kauce wa. Wanda ba ya iya kwana bakwai a bakin ruwa, yana son gari da tsaunuka da tsofaffin gine-gine a tsakani, Crete, amma ba a Yuli ko Agusta ba.

Wanda hutunsa ya faɗo a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ba shi da dogon zaɓi, Cyprus ce. Ni kuwa da za a ce in zaɓar wa mai zuwa karon farko wuri ɗaya da lokaci ɗaya, zan ce Konnos da Fig Tree Bay a makon ƙarshe na Satumba: ruwan na nan da ɗuminsa, 'yan makaranta sun koma, otal ya sauko, kuma duwatsun da kifi ke ciki ba su fi 'yan taku daga inda aka shimfiɗa tawul ba.